Karen da ba shi da uban gida: abin da na gani a Amurka

Wannan jawabi ne da malamin dabbobi na sashenmu na noma da kiwo ya gabatar wa masu aikin sa kai da suka zo daga ikilisiyoyin ƙauyuka. Mun buga shi yadda ya faɗa, sai 'yan gyare-gyare kaɗan.

 

Da aka ce in yi magana yau, na san kun ɗauka a kan awaki ko kaji zan yi, kamar yadda na saba. To, a kan kare zan yi. Na ga Baba can baya ya fara dariya. Ba laifi, Baba, ni ma na yi irin dariyar nan kafin in gani da idona.

A shekarar 2018 na je Amurka wurin ɗiyata da ke aikin jinya a wani ƙaramin gari a Jihar Jojiya, a kudancin ƙasar. Wata huɗu na yi. Kun san mutumin da ya saba fita da sassafe, in aka ajiye shi a ɗaki yana kallon talabijin, ciwo ne zai kama shi. Da ta ga na fara damunta, sai ta ce, "Baba, akwai gidan ajiye karnuka a bayan gari, kullum suna neman mai taimako, kai kuwa ka san dabba." Haka na shiga aikin, ba albashi, sau uku a mako.

Bari in fara bayyana muku mene ne wannan gida. A can, doka ba ta yarda kare ya riƙa yawo a titi shi kaɗai ba. Ƙaramar hukuma tana da ma'aikata da mota, suna kama duk wanda suka gani suna kai shi gidan. Wasu karnukan kuma masu su ne ke kawo su da hannunsu. Wannan ya koma sabon gidan haya, mai gidan ya ce ba ya son kare. Wancan tsohon ya rasu, 'ya'yansa ba wanda ke so. Wani ya rasa aiki. Wata karyarta ta haifi 'ya'ya takwas, ta rasa yadda za ta yi da su. Kowane kare ana sa shi a ɗan ɗaki na siminti mai ƙofar waya. In tsintacce ne, ana ba mai shi 'yan kwanaki ya zo ya nema, a yawancin wurare kwana uku zuwa bakwai. In bai zo ba, karen ya zama na hukuma. Daga nan hanya biyu ce kawai. Ko a samu wanda zai ɗauke shi ya kai gidansa, ko kuwa in wuri ya cika, likita ya yi masa allurar da ba zai sake tashi ba. Ɗakunan ba sa ƙaruwa, motar kuwa kowace rana tana kawo sababbi.

Ranar da na fara shiga, haushi ne ya tare ni, har sai da na toshe kunne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ba sa haushi. Suna kwance a lungu, sun juya wa ƙofa baya. Wata ma'aikaciya da ta daɗe a wurin ta ce mini waɗannan sun daina sa rai ne. Ita ce ke rubuta sunayen waɗanda za a yi wa allurar ƙarshe in wuri ya ƙure. Kada ku ɗauka muguwa ce. Ban ga wanda ya kai ta son dabbobin nan ba, kuma ranar da ta yi wannan rubutu ba ta cin abincin rana.

Na san tambayar da ke zuciyar wasunku, don ni ma na yi ta. Mutane na kwana da yunwa, yara ba kuɗin makaranta, sai a tsaya ana wahala a kan kare? Ku sani wannan tambaya ba yau aka fara yin ta ba, kuma Turawan ne da kansu suka fara. A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata ko suke fama da yunwa a unguwar Holloway a birnin Landan. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, ta ce ga talakawa na kwana a titi, ita kuma ta kare take yi. Matar ta rasu a 1865, ba ta ga abin da aikinta ya zama ba. A 1871 aka mai da gidan unguwar Battersea, kuma yana nan yana aiki har yau.

Haka ma kada mu ɗauka an haifi mutanen can da tausayin kare. A shekarun 1870, a birnin New York, karnukan da aka kama ba a zo nema ba, a cikin babban kejin ƙarfe ake zuba su, a nutsar da su a kogi, mutane na tsaye suna kallo. Waɗanda suka ce wannan bai dace ba 'yan kaɗan ne da farko. Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda ake kira ASPCA, a 1866. A birnin Filadelfiya kuma Caroline Earle White ta tara mata 'yan'uwanta a 1869, suka karɓi kula da wurin da hukuma ke tsare karnuka. Iyaye mata, kun ji, a wannan aiki ma ku ne a gaba. A gidan da na yi aiki, in ka ƙirga masu aikin sa kai, mata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Duk da haka kisan bai ragu da wuri ba. A shekarar 1973 wata babbar ƙungiyar kare dabbobi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa ana kashe karnuka da kuliyoyi kimanin miliyan 13 da rabi kowace shekara a irin waɗannan gidaje. Ƙiyasin ASPCA na shekarar 2019 kuwa ya nuna adadin ya sauko zuwa kimanin dubu 920, daga ciki karnuka dubu 390. A wannan shekarar karnuka wajen miliyan 3 da dubu 100 ne suka shiga gidajen, kimanin miliyan 2 suka samu sabon uban gida, wasu dubu 710 kuma aka mayar wa masu su. Ku lura, a tsakanin waɗannan shekaru mutanen ƙasar ƙaruwa suka yi, karnukan da ke gidajensu ma ƙaruwa suka yi.

Me ya kawo wannan canji? Babban dalili shi ne hana haihuwa barkatai. Tun farkon shekarun 1970 aka fara buɗe asibitoci masu sauƙin kuɗi inda ake fiɗiye namiji, a yi wa mace aikin da zai hana ta ɗaukar ciki. Mu makiyaya mun san fiɗiyar bunsuru da sa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Karya ɗaya tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo biyar, shida, har fiye. A jihohi da yawa yanzu doka ce duk karen da zai fita daga gidan ajiya sai an yi masa wannan aiki. Ba zan daɗe a nan ba, don aikin likita ne. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne aikin da mutane irina da irinku suka yi, waɗanda ba likitoci ba ne, ba kuma masu kuɗi ba.

Da can, gidan karnuka a bayan gari yake, kusa da juji, ba mai zuwa. Mai son kare sai ya je kanti ya sayi kwikwiyo. Sai masu aikin sa kai suka ce, tun da mutane ba sa zuwa wurin karnuka, bari mu kai karnukan wurin mutane. Daga nan aka fara abin da zan kira ranar neman uban gida. Ranar Asabar a kafa rumfa a gaban babban kanti ko a filin shaƙatawa, a kawo karnukan, jama'a su zo su gani. Wani kamfanin sayar da abincin dabbobi mai suna PetSmart ya ƙi sayar da karnuka da kuliyoyi a kantunansa, ya ba ƙungiyoyin ceto wuri kyauta su riƙa kawo nasu. Gidauniyar da aka kafa don wannan a 1994 ta taimaka dabbobi sama da miliyan 10 sun samu gida. A 1996 aka buɗe dandalin Petfinder a intanet, inda ake sa hoton kare da bayaninsa, mutum yana ɗakinsa ya gani. Akwai kuma gangamin da ake kira Clear the Shelters, wato a kwashe gidajen su zama wayam, wanda ya fara a Jihar Texas a 2014, ya bazu ko'ina a ƙasar a 2015 da taimakon tashoshin talabijin. Zuwa 2023 dabbobin da suka samu gida ta wannan hanya sun wuce miliyan ɗaya.

Amma 'yan'uwa, ranar Asabar ɗin nan kamar ranar girbi take. Wanda ya zo kallo yakan ga dami, bai ga huɗa da noman farko da maimai ba. Kafin kare ya kai ga rumfar nan, hannuwa da yawa sun taɓa shi.

Da isowarsa ana duba shi da wata 'yar na'ura. Karnuka da yawa a can an sa musu wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, mai ɗauke da lamba. In na'urar ta karanta lambar, sai a san mai shi, a buga masa waya. Sannan a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma. Akwai ciwon da ake kira fabo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, yana iya share ɗaki guda cikin 'yan kwanaki. Saboda shi ne muke wanke ƙasa da ruwan bilic kowace safiya. Wannan shi ne aikina na farko, kwasar kashi da wankin siminti. Ni da nake da satifiket, aka miƙa mini shebur da bokiti. A kudancin ƙasar kuma akwai tsutsar da sauro ke sa wa kare, ta je ta zauna a zuciyarsa, maganinta na ɗaukar watanni, don haka sai an gwada jininsa.

Wasu aikinsu fita da kare yawo ne kawai, minti ashirin ko talatin. Za ku ce wannan ma aiki ne? Aiki ne. Karen da ya yi makonni a kulle yakan fara zagaye a wuri ɗaya, yana tsalle yana dukan ƙofa, ba kuwa wanda zai ɗauki kare a wannan hali. Akwai wata yarinya 'yar sakandare, ita hoto kawai take ɗauka. Takan kwanta a ƙasa da wayarta, tana jira har karen ya ɗaga kunne. Hoton da aka ɗauka ta bayan waya, kare na rakuɓe, ba ya jawo kowa. Akwai direbobi kuma. Kudu ta fi yawan karnukan da ba a so, wasu jihohin arewa kuwa masu nema sun fi yawa, don haka ake ɗaukarsu a mota. Wani lokaci direbobin sa kai kan raba hanyar, wannan ya yi tafiyar awa ɗaya ko biyu ya miƙa wa na gaba, har a kai.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu riƙon ƙwarya. Mu mun san riƙo, ba gidan da ba a taɓa riƙon ɗan wani ba. To, haka wasu iyalai ke ɗaukar kare su riƙe a gidansu na mako biyu ko wata guda, ba don ya zama nasu ba, sai don ya huta daga hayaniya, ya warke, a kuma san halinsa. Ɗakin da ya bari sai a sa wani. Mai riƙon shi ne zai faɗa ko karen yana son yara, ko yana faɗa da wasu karnuka, ko yana tsoron maza, ko ya san fita waje ya yi bayan gida. Duk wannan ana rubutawa a kati, a rataya a kejinsa ranar Asabar. Ranar da aka zo ɗaukarsa, sau da yawa mai riƙon da hawaye take komawa gida. Mako mai zuwa kuma ka gan ta ta zo karɓar wani.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai muke loda keji da ruwa da tebur. Kowane kare da mutum ɗaya mai riƙe igiyarsa. Wanda ya ga karen da ya kwanta masa a rai, ba kuɗi kawai zai miƙa ya tafi da shi ba. Zai zauna ya cika takarda. Gidanka ne ko haya? In haya ne, mai gida ya yarda? Wani lokaci nan take ake buga wa mai gidan waya. Akwai yara ƙanana? Akwai wasu dabbobi? Awa nawa karen zai yi shi kaɗai? Ya yi kama da binciken da iyaye ke yi kafin su ba da 'yarsu aure. In komai ya yi daidai, sai ya biya ɗan kuɗi, wanda sau da yawa bai kai abin da aka kashe a kan allura da fiɗiya ba, ya sa hannu cewa in zama bai yiwu ba zai dawo da karen, ba zai yar da shi a hanya ba. Bayan 'yan kwanaki wani mai aikin sa kai zai kira ya ji yadda ake ciki. 'Yan kwikwiyo kafin azahar sun ƙare. Manya da tsofaffi su ne muke mayarwa mota da yamma.

A nan ne zan ba ku labarin kuskuren da na yi, don shi ne ainihin abin da ya sa na zaɓi wannan magana.

Akwai wani baƙin kare babba, mai shekara kamar shida, da furfura a baki. Suna da sunan da suka sa masa, ni dai Duna nake kiransa. Asabar huɗu muna kai shi muna dawowa da shi. Ba ya tsalle, ba ya kaɗa wa baƙo wutsiya, sai ya zauna a ƙafata yana kallon mutane suna wucewa. Matar da ke riƙonsa ta rubuta a katinsa cewa yana da kirki da yara, amma yana bin duk ƙaramar dabbar da ta yi gudu. A Asabar ta biyar wani magidanci ya zo da matarsa da 'yarsu mai shekara kamar bakwai. Yarinyar ta durƙusa, Duna ya ɗora kansa a cinyarta. Uban ya tambaye ni, ya ce suna da 'yan kaji a bayan gida, ko akwai damuwa? Na san abin da ke katin. Katin ma yana aljihuna, don iska ta kaɗo shi na tsince shi. Amma na tuna wata huɗu na ƙarewa, na tuna takardar matar nan mai rubuta sunaye. Sai na ce masa, "Ba damuwa, tsoho ne, ba ruwansa da kaza." A takardar da suka cika, wajen tambayar dabbobi, bai rubuta kaji ba, tun da na riga na kwantar masa da hankali.

Na koma gida ina murna, har na gaya wa ɗiyata na ceci rai yau. Ranar Laraba suka dawo da shi. Ya kashe kaji uku, a gaban yarinyar. Ita ce ke ba su hatsi kowace safiya, kowace da sunanta. Ba ta ko fito daga mota ba.

Shugabar masu aikin sa kai ta kira ni gefe, ta tambaye ni abin da na faɗa musu. Na gaya mata gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce in duba abin da ya faru. Wurin da Duna yake riƙo an riga an kai wani kare, don haka ɗakin siminti zai koma. Katinsa yanzu zai nuna an taɓa ɗaukarsa an dawo da shi, kuma ya yi kisa. Iyalin nan da wuya su sake karɓar kare daga wurinmu, kuma za su gaya wa maƙwabtansu. Ta ce abin da suke da shi a garin nan ɗaya ne, mutane sun yarda cewa abin da aka rubuta a kati haka yake. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa kwana huɗu ya yi. Kuma ku lura, tausayi ne ya sa na yi ƙaryar, ba mugunta ba, amma kajin yarinyar nan ba su san wannan ba.

Ba zan ce muku komai na can daidai yake ba. Na ga kare sanye da riga da takalmi, na ga ana yi masa bikin ranar haihuwa, na girgiza kai. Su kansu masu aikin suna gardama a tsakaninsu. Wasu na cewa ranakun da ake ba da kare kyauta suna jawo masu ɗauka don ɗoki, wasu na cewa yawan tambayoyi yana korar talaka mai kirki da zai riƙe kare da amana. Ni a ganina na biyun sun fi gaskiya, don na ga an hana wani mutumin kirki kare saboda gidansa ba shinge. Akwai gidajen da ke alfahari da cewa ba sa kisa, ma'ana aƙalla 90 cikin 100 na dabbobin da suka shiga suna fita da rai. Abu ne mai kyau, amma wasunsu in sun cika rufe ƙofa suke yi, sai nauyin ya faɗa kan gidan hukuma da ba shi da ikon cewa a'a. Kuma aikin bai ƙare ba. Daga shekarar 2022 gidaje da yawa sun sake cika, musamman da manyan karnuka, saboda tsadar rayuwa da wuyar samun gidan haya da zai karɓi kare.

Mu da ke aikin agaji akwai darasin da Amurkawa suka koya da tsada, wanda ya kamata mu sani. A ƙarshen watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans, ruwa ya ci gari, mutane sama da dubu ɗaya suka mutu. Motoci da jiragen ceto ba su yarda a shiga da dabba ba, sansanonin gudun hijira ma haka. Mutane da yawa suka ƙi fita don ba za su bar karensu ba, wasu kuma aka raba su da nasu da ƙarfi. Bayan ruwa ya lafa, masu aikin sa kai daga ko'ina a ƙasar suka zo suna bi gida gida a kwalekwale, suka tara dubban dabbobi a wani babban filin baje koli a garin Gonzales. Da yawa ba su sake haɗuwa da masu su ba, sai sababbin iyayen gida aka nema musu a wasu jihohi. A watan Oktoba na 2006 aka sa hannu a dokar da ta ce dole jihohi da ƙananan hukumomi su sa dabbobin gida cikin shirinsu na kwashe jama'a lokacin bala'i. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fitar da tsohuwa daga ƙauyen da ambaliya ta taso wa, ita kuwa ta ce ba inda za ta ba awakinta, ya san wannan magana.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne inda labarin nan ya taɓa mu kai tsaye. Ba karen da ya isa allura da zai bar gidan nan ba a yi masa ta haukan kare ba. Da allurar nan da kuma kwashe karnukan da ba su da mai su, a 2007 aka bayyana cewa Amurka ta rabu da nau'in ciwon da ke yaɗuwa daga kare zuwa kare. In kun ce ai su masu kuɗi ne, Meziko ma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta shawo kansa, ta hanyar yi wa karnuka allura kyauta kowace shekara. Hukumar ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutum kimanin dubu 59 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu daga cizon kare ne. In aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na wani yanki allura, aka kuma ci gaba da yi, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Maganin ba daga nesa yake ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tana yin sa. Amma wa zai riƙe kare a yi masa allura in ba wanda zai ce nawa ne? Karen da kowa ke jifa ba ya kamuwa. Ku tuna kuma, in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ranar, kada a jira. In alamun ciwon suka bayyana, kusan ba mai tashi.

Na san kuna so ku ji ƙarshen Duna. Sauran mako uku in dawo gida lokacin da abin ya faru. Na roƙa a bar mini shi, kullum ina zuwa ina fita da shi safe da yamma don kada ɗakin ya lalata shi. Yarinyar nan mai hoto ta sake ɗaukarsa. Shugabar ta sake rubuta katin da manyan baƙaƙe, ba kaji, ba kyanwa. Asabar biyu ba wanda ya tsaya. A ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe a gare ni, wani dattijo ya zo da sanda, tsohon direban babbar mota, matarsa ta rasu shekarar da ta wuce. Kafin ya buɗe baki na ce masa, "Ranka ya daɗe, karen nan ya kashe kaji uku, kuma an taɓa dawo da shi." Ya dube ni, ya dubi Duna, ya ce shi ba shi da kaza ko ɗaya, gidansa da shinge, kuma kwikwiyo ya fi ƙarfin gwiwoyinsa. Ya zauna ya cika takarda, aka kira 'yarsa a waya ta ce in wani abu ya sami mahaifinta ita za ta riƙe karen. Ni na ɗora Duna a kujerar gaba ta motarsa. Ɗiyata ta ce mini ta riƙa ganinsu da yamma a bakin hanya, su biyu suna tafiya a hankali.

Iyalin masu kajin kuwa na rubuta musu wasiƙar ban haƙuri kafin in taso, na sa kuɗin kaji uku a ciki. Ba su ba ni amsa ba.

Shugaba, na ga kana duba agogo.  Masu tambaya a kan allurar karnuka su same ni a ƙarƙashin mangwaro bayan an ci abinci.